Shekara Ashirin da Huɗu a Bakin Raga

Duk wanda ya ba ni hannu muka gaisa sai ya ɗan saci kallon yatsuna. Ƙaramin yatsan dama ya karkace waje, na tsakiya a hannun hagu ba ya lanƙwasuwa, babban yatsa kuwa idan hunturu ya kama sai na tsoma shi a ruwan ɗumi kafin in iya ɓalle maɓallin riga. Wasu sukan tambaye ni ko hatsarin babur na yi. Sai in ce a'a, gola ne ni. Daga 1991 zuwa 2015 ina tsaron raga a ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda a zamaninmu ake ce wa 'yan amaco. Ban taɓa buga gasar Firimiyar Najeriya ba, ba a taɓa haska ni a talabijin ba, kuma in ka fita daga unguwanni uku zuwa huɗu na cikin Kano babu wanda ya san sunana. Yaran da nake koya wa tsaron gida ne suka matsa mini in ba da labarina, ni kuma na ga ya kamata, domin irinmu muna da yawa kuma ba a cika jin ta bakinmu ba.

A Fagge aka haife ni. Mahaifina tela ne, Allah ya jiƙansa, yana da kekunan ɗinki biyu a wani ɗan shago. Da safe makarantar boko, da azahar allo, in an taso in wuce shago in yi ta sa maɓalli da guga har la'asar sakaliya. Kafin Baba ya sallame ni in ruga fili, an riga an raba 'yan wasa, kowa ya kama gurbinsa, babu abin da ya rage sai tsakanin duwatsu biyun nan da ba wanda yake so. Haka na zama gola. Da farko don babu yadda zan yi ne, daga baya kuma na ji wani daɗi da ba na samu a ko'ina: yaro ya taho a guje, 'yan unguwa sun buɗe baki za su yi ihun ci, sai kawai ka ji ƙwallo ta lafe a ƙirjinka, fili ya yi tsit.

Baba yana son ƙwallo, ko da yake ba ya son a sani. Rediyonsa ba ya barin kan teburin yanka. Shi ya fara ba ni labarin Raccah Rovers ta Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978, da Emmanuel Okala, dogon golan Rangers ta Enugu, da Best Ogedegbe da ya tsare wa Najeriya raga lokacin da ta ɗauki kofin Afirka a Legas a 1980. Amma ranar da na ce masa wata ƙungiya tana son ta yi mini rajista, sai ya ajiye almakashi ya daɗe yana kallona.

"Ƙwallo wasa ce, sunanta ke nan," in ji shi. "Hannun nan naka da shi za ka ci abinci. Na yarda ka je, amma da sharaɗi: safiya ta keke ce, yamma ta fili. Ranar da ka bar keke, ranar za ka bar fili."

Na ce na ji, Baba. A raina kuwa gani nake shekara biyu uku zan yi in tsallake. A 1990 ne aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, a shekarar ne kuma aka haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka kafa Kano Pillars. Duk wani yaro mai buga tamaula a Kano ya sa wa ransa cewa ƙofa ta buɗe. Ni ma haka.

Kocina na farko tsohon gola ne, dattijo mai ɗingishi, wanda ba ya ɗaga murya. Shi ya fara auna mini raga da ƙafa, ya ce faɗinta yadi takwas, tsayinta ƙafa takwas, babu ɗan Adam da zai rufe ta da jikinsa, sai dai da ƙwaƙwalwarsa. Yakan ɗaura igiya biyu a turakun raga ya ja su zuwa inda ƙwallo take, ya ce in taho a hankali har sai na ga zan iya taɓa igiyoyin biyu in na faɗi. Nan ne mazaunina. In na tsaya a kan layi na bar wa ɗan gaba duniya, in na fito da yawa ya ɗaga mini ita ta sama. Ya hana ni yin tsalle don burge 'yan kallo. Ya ce ƙwallon da ƙafa za ta kai ka gare ta, kada ka tashi sama dominta. Kuma ya koya mini magana. Gola shi kaɗai ne yake ganin filin gaba ɗaya, don haka bakinsa ba ya hutawa: "Lamba biyar, bayanka!" "Bar ta!" "Ku fito!" Rabin ƙwallayen da na hana shiga a rayuwata da baki na hana su, ba su ma iso hannuna ba.

Ina cikin koyon wannan sai doka ta sauya a 1992. Kafin nan ɗan bayanka zai iya turo maka ƙwallo da ƙafa ka sunkuya ka ɗauka, ka rungume, ka ɓata lokaci yadda kake so. Aka wayi gari an hana. Gololi da yawa da suka girme ni a nan suka ƙare, domin hannu gare su, ba su da ƙafa. Ni Allah ya taimake ni ina yaro. Kullum bayan atisaye sai Koci ya tsayar da ni gaban katangar makaranta in yi ta duka da hagu da dama har magariba. Daga baya ma dokoki sun yi ta juyawa a kanmu: a 1997 aka yarda gola ya motsa a kan layinsa lokacin fenariti, a 2000 aka cire ƙidayar taku huɗu aka kawo daƙiƙa shida. Kowane sauyi sai ka koma ɗalibi.

Wanda bai taɓa faɗuwa a filin ƙasa da hunturu ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Filayenmu babu ciyawa, in ma akwai to a gefe take, bakin raga kuwa fako ne da tsakuwa, ya bushe ya yi tauri kamar daɓe. In ka yi nutso sau biyar a wasa, da daddare ba ka iya kwanciya ta gefen. Fatar ƙugu ta saluɓe, gwiwar hannu ta kumbura, wando ya manne da ciwo sai an jiƙa shi kafin a cire. A nan ɗinkin Baba ya fara yi mini rana. Na yanko soson tsohuwar katifa na ɗinke shi a cikin wandona ta wajen ƙugu, na yi wa rigata haka a gwiwar hannu. Safar hannu kuwa gwanjo muke tonowa a Ƙofar Wambai, wani lokaci dama da hagu ba iri ɗaya ba. In tafin ya cinye sai in nemo roba mai laushi in yi masa faci da zare mai ƙwari. Kafin a jima gololin wasu ƙungiyoyi sun fara kawo mini nasu. Kuɗin farko da ƙwallo ta kawo mini mai ɗan auki, ta kan keken ɗinki ya biyo.

A 1994 muka taru gidan wani maƙwabci mai talabijin muka ga Najeriya ta doke Zambiya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunisiya, Peter Rufai a raga. Ni ban kalli masu cin ƙwallon sosai ba, shi nake kallo: yadda yake tsayuwa, yadda yake daka wa 'yan bayansa tsawa, yadda yake fitowa ya cafke bugun kwana a saman kawunan mutane. Bayan shekara biyu Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik a Atlanta, Dosu Joseph a raga, shekara ta zagayo hatsarin mota ya raba shi da ƙwallo yana da ƙuruciyarsa. Baba ya ji a rediyo, bai ce mini komai ba, ya dai dube ni ya ci gaba da taka keke.

Ƙungiyoyi shida na buga wa. Wata ta ƙaramar hukuma ce, wata ta kamfani, sauran na masu hali ne da Allah ya jarabce su da son ƙwallo. Ba zan kama suna ba, domin wasu sun kyauta mini, wasu sun cuce ni, kuma da yawa ƙasa ta rufe musu ido. Abin da ya haɗa su duka shi ne rashin tabbas. Ta ƙaramar hukuma tana raye ne muddin ciyaman mai son wasa yana kan kujera, in ya sauka sai a ce babu kasafi. Ta Alhaji kuwa tana bin kasuwarsa, in kaya sun yi kwantai mu ma mun yi kwantai. Kuɗin sa hannu a yi maka alkawari a farkon kaka, a ba ka kashi ɗaya, sauran sai dai ka yafe. Akwai shekarar da muka yi wata bakwai babu albashi, alawus ɗin wasa kawai, shi ma sai an ci. Yawancin abokan wasana acaɓa suke yi da safe su zo atisaye da yamma a gajiye, har aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, masu hali a cikinsu suka koma adaidaita sahu, marasa hali suka shiga wani hali. Ni ina da keke. Sallah ƙarama da babba ba na barci, amma ban taɓa roƙon kowa kuɗin cefane ba.

Tafiya kuwa a bas ɗaya ake cusa mu, 'yan wasa da koci da mai ba da magani da jakunkuna da buhun ƙwallaye. Mun bi hanyar Wudil zuwa Potiskum da Damaturu har Maiduguri, mun sha sanyin Jos, mun sha ranar Sakkwato inda turken raga yake ƙona hannu. Masauki sau da yawa ajin firamare ne, a ture bencina a shimfiɗa tabarma. Abinci garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, in an samu shinkafa da wake ranar an yi biki. Duk da haka in aka tambaye ni lokacin da na fi jin daɗin duniya, zan ce cikin bas ɗin nan ne, ana dawowa da maki ɗaya daga waje, ana waƙa ana buga gwangwani, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da ɗan Tibi, mai salla ya yi salla, mai zuwa coci ya yi addu'arsa, kwano ɗaya.

Na ce maki ɗaya, domin a ƙananan rukunai cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske, kuma ba kullum don an fi ka iyawa ba. Akwai garin da aka ƙara mana minti goma sha wani abu, ba a tashi ba sai da aka ba masu gida fenariti. Akwai inda 'yan kallo suke tsaye a bayan ragata, babu shinge, ina jin numfashinsu, ana zagin iyayena, ana jifa da ƙullin ruwan leda da tsakuwa. Alƙalin wasa shi ma ɗan Adam ne, yana son ya koma gida da haƙoransa. Ban yafe wa masu karɓar kuɗi a cikinsu ba, amma na ga waɗanda aka fasa wa kai don sun yi gaskiya, kuma ina girmama su har gobe. Batun asiri ma akwai shi. An sha tono ƙulli a bakin raga, an sha yayyafa mini wani ruwa a turke kafin wasa. Ni abin da na riƙe shi ne Ayatul Kursiyyu da addu'ar Inna, in taɓa turken dama in taɓa na hagu don in san inda nake, shi ke nan.

Dama ta zo mini sau ɗaya. Wajen 1999 ne, shekarar da Najeriya ta karɓi gasar matasa ta duniya har aka buga wasu wasannin a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Wata babbar ƙungiya a wata jiha ta kira ni gwaji. Gololi tara muka je, aka tace muka rage uku. Ana saura kwana biyu a rufe, wani ɗan gaba ya sako wata ƙwallo mai nauyi, na kai hannu, ta daki kan yatsa ta mayar da shi baya. Na ji ƙarar da kunnena. Na ɗaure da bandeji na ce zan ci gaba, amma ko kofin shayi ba na iya riƙewa. Aka ba ni kuɗin mota. Na dawo Kano aka kai ni wajen maɗori, ya ja ya ɗaure da karare, yatsan ya warke a karkace. Wata biyu ban taɓa ƙwallo ba, ban taɓa keke ba. Na zaci Baba zai ce ai na faɗa maka. Bai faɗa ba. Shi ya riƙa yin ɗinkin da na karɓa, yana ba ni kuɗin cif, kamar ni na yi. Da na warke ya ce, "Gobe ka koma filinka, na ga zaman nan yana cinka."

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan na yi aure, maiɗakina tana da cikin ɗanmu na biyu, ana bin mu kuɗin haya. Mun je wasannin neman hawa rukuni na gaba, inda ake tara ƙungiyoyi a gari ɗaya. Mu mun riga mun fita, wasan ƙarshe ba zai ƙare mu da komai ba, amma abokan karawarmu suna bukatar nasara da ƙwallaye da dama. Da daddare ina zaune a barandar ajin da muka sauka ina ɗinke safata, sai ga wani mutum da manyan kaya, da fara'arsa, ya yi sallama ya zauna kusa da ni. Ya san sunana, ya san unguwarmu, ya ma san matata tana da juna biyu. Ya ajiye ambulan a kan tabarma.

"Malam, ba wani abu za ka yi ba," in ji shi. "Jinkiri kaɗan. Kowane gola yana kuskure. Ku ba abin da za ku rasa."

Wallahi ba zan ɓoye ba, na kalli ambulan ɗin, kuma kaurinsa ya fi abin da ƙungiyata ta ba ni a kaka biyu. Na tuna mai gidan haya, na tuna kayan suna. Zuciyata ta ce mini ai gaskiya ya faɗa, babu wanda zai sani. Sai kuma na tuna mutum goma da suke barci a bayan tagar nan. Su duk wasan duniya suna juya mini baya ne, fuskarsu tana gaba, ba sa waiwaye, domin sun yarda akwai mutum a bayansu. Ɗan gaba in ya sayar da wasa sai ya haɗa baki da wasu. Gola shi kaɗai ya isa. Shi ya sa wajenmu ake fara zuwa. Na ce masa, "Alhaji, ɗauki kayanka. Ragar nan ba tawa ba ce balle in sayar, ajiya aka ba ni." Ya yi dariya ya ce in yi tunani zuwa safe. Na ce na gama. Na shiga na tashi Koci na gaya masa.

Washegari muka shiga fili. Na tare abin da na tare, har da wata da ni kaina ban san yadda hannuna ya kai ba. Ana saura minti kaɗan a tashi babu ci, sai wani ya buga wata ƙwallo daga nesa, marar ƙarfi, irin wadda ɗan shekara goma zai kama. Na durƙusa zan ɗauka, ta daki wani tudu a fakon nan, ta yi tsalle ta bi ta kan kafaɗata ta shige. Ci ɗaya bai ishe su hawa ba, amma wannan bai dami kowa ba. An ga baƙon nan ya zauna da ni da daddare. Kafin mu iso Kano labari ya riga mu: gola ya sayar.

Wannan ita ce shekara mafi ɗaci a rayuwata. A majalisa in na iso sai a yi shiru. Yara suna bi na suna cewa kwando. Wani abokin wasana da muka shekara biyar muna cin kwano ɗaya ya daina amsa sallamata. Na ƙi kuɗin, kuma na sha zargin, ga haya ba a biya ba. Na ce na bar ƙwallo. Koci ne ya zo har shago, ya tara 'yan wasa washegari ya rantse musu cewa ni na tashe shi da daddare na faɗa masa, kuma ya ce duk wanda bai yarda da ni ba ya ajiye riga. Ba wanda ya ajiye, amma na san wasu har yau da sauran shakka a ransu. Baba a lokacin yana kwance, ciwon da bai tashi ba. Na zauna a gefensa na ba shi labari tun daga farko. Ya ce, "Ka karɓa?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ya dame ka? Wanda ya kawo mini yadi goma ya san ba na rage masa ko taƙi. In ya zarge ni, shi da Allah. Tashi ka je ka yi atisaye." Bai yi wata biyu ba ya rasu.

Shi ya sa a watan Yulin 2013, da labari ya zo daga Bauchi cewa a wasannin hawa rukuni an tashi wasa ɗaya 79 da nema, ɗaya kuma 67 da nema, na kasa cin abinci. Duniya ta yi ta yi mana dariya, gidajen rediyon waje suna ta faɗa. An je hutun rabin lokaci ana 7 da nema a wasan farko, ke nan ƙwallo 72 aka zura a minti arba'in da biyar. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta kori 'yan wasan har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. Ni gololin biyu nake tunani. Sau sittin ko saba'in da wani abu mutum ya juya ya shiga raga ya ɗauko ƙwallo. Ban san me aka ba su ba, ban san wace barazana aka yi musu ba, na dai san irin yunwar da ake zuwa a same mu a cikinta, kuma na san waɗanda suke aiko ambulan ba su ake kora ba.

Akwai ranar farin ciki ma, kada a ce duk kuka ne. Kofin Ƙalubale, kamar yadda ake kiransa a da, shi ne gasar da take haɗa ƙaramin kulob da babba, tun daga matakin jiha. Wata shekara ƙuri'a ta haɗa mu da ƙungiyar da take rukunin ƙwararru, masu bas mai sanyi da riguna sababbi. Minti casa'in suna luguden ragata, ba ta shiga ba. Aka je bugun fenariti. Yadi goma sha biyu ne tsakaninka da mai bugu, in ka jira ka ga inda ta nufa ka makara. Ni ƙafar da zai kafa nake kallo da yadda ya buɗe ƙugunsa, ba idonsa ba, domin ido yana ƙarya. Na tare biyu. 'Yan unguwarmu suka ɗauke ni a kafaɗa tun daga fili har bakin titi, Inna ta ji hayaniya ta zaci wani abu ne ya same ni. A zagaye na gaba aka fitar da mu. Amma abokin nan nawa da ya daina amsa sallamata, a ranar ya rungume ni yana kuka, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Da na haura talatin aka fara ba ni shawarar in rage shekaru, a yi mini sabuwar takardar haihuwa, wai ko wata ƙungiya za ta duba ni. Abin ya zama ruwan dare a lokacin, har sai da aka fara auna ƙashin wuyan hannu da na'ura a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Na ƙi, domin duk Fagge an san shekarar da aka yi sunana. Kuma gola ba ya tsoron shekaru kamar ɗan gaba. Dino Zoff ya ɗauki kofin duniya da Italiya a 1982 yana da shekara 40, Essam El-Hadary na Masar ya tare fenariti a kofin duniya na 2018 yana da 45. Abin da ƙafa ta rasa, ido yana biya. A shekaruna na ƙarshe ba na faɗuwa sosai, na riga na san inda yaro zai buga tun kafin shi ya sani.

Yaran da na fara wasa da iyayensu suka zo suka same ni a raga. Aka daina kiran sunana, aka koma Baba Gola. Na ga yara masu baiwa da suka fi ni nesa ba kusa ba sun lalace, wani ƙwaya, wani karaya babu mai yi masa magani, wani dillali ya karɓi kuɗin gonar ubansa ya kai shi wata ƙasa ya yasar. Na kuma ga waɗanda Allah ya ɗaga. Lokacin da Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2010 ya wuce Turai, duk yaran filinmu suka ce su ne na gaba. Ina taya su fata, amma nakan tambayi kowannensu sana'ar da yake yi da safe. Wanda ya ce babu, sai in ce ya biyo ni shago.

Bayan harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, tafiya ta zama abin tsoro. Hanyar Maiduguri da muka saba bi muna waƙa ta gagara, shingen bincike ko'ina. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri, 'yan wasa suka ji raunuka. Daren nan maiɗakina ta zaunar da ni. Ba ta taɓa cewa in bari ba, ko lokacin da ake ce mini kwando, ita ce mai dafa ruwan gashi tana gasa mini ƙugu. Ta ce, "Baban Abba, in masu gata an harbe su, ku da bas ɗinku ko fitila ɗaya ba ta da ita fa? Ka yi mana haƙuri haka." Gwiwata ta dama ma ta riga ta gama faɗa mini haka. Na ce ta bari in ƙarasa kakar.

Wasana na ƙarshe a gida muka yi, 'yan kallo ba su kai ɗari biyu ba. Aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Babu wani biki. Kyaftin ya ce yara su yi layi, na bi ina gaisawa da su, mai ƙungiya ya ba ni shadda yadi biyar da ɗan abin da ya sawwaƙa. Da kowa ya watse na koma na taɓa turken dama, na taɓa na hagu, na kwance ragar da kaina na naɗe, domin in an bar ta a fili awaki suna cinye ta.

Yanzu shagon Baba yana hannuna, kekuna sun zama biyar, rigunan ƙungiyoyin unguwa da na makarantu muke ɗinkawa, da wandon gola mai soso a ƙugu. Yatsuna ba sa iya zura zare a allura, Abba ne yake zura mini, ni in yi yanka. Ranar da aka sanar da rasuwar Peter Rufai a watan Yulin 2025 na rufe shago da wuri na tafi fili, na ba yara labarinsa, yawancinsu ba su taɓa jin sunan ba. Kullum bayan la'asar ina can da igiyoyina biyu, yara bakwai nake koya wa. Akwai wani ƙarami a cikinsu, almajiri ne, kullum shi ne na ƙarshen zuwa domin sai ya gama aikin gidan da yake yi wa wanke-wanke. Jiya aka zura masa wata ta tsakanin ƙafa, manyan suka yi masa ihu, ya zauna a ƙasa yana share hawaye da bayan hannu. Na je na ɗaga shi, na kakkaɓe masa riga, na ce ya shiga ya ɗauko ƙwallon da kansa ya jefa tsakiya. Safarsa ta yage a babban yatsa, na karɓo na taho da ita gida, tana nan kan keke, gobe kafin la'asar zan ba Abba ya zura mini zare.